Akumarin Keken Tambari

Wanda duk ya bi ta bayan tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda da sassafe a farkon daminar bara waccan, ba mamaki ya ga wani dogon dattijo yana kokawa da keke shi kaɗai, ya hau ya faɗo, ya kakkaɓe riga ya waiwaya ko wani ya gani. Tambari ke nan, mutumin Tungar Kaiwa, wata 'yar tunga da ke can bayan Banga. Shekararsa hamsin da tara a lokacin, kuma bai taɓa ɗora ƙafa a kan feda ba sai a wannan shekarar. Shi mai jakai ne tun tashinsa, a ganinsa kuwa mai jaki ba shi da abin da zai nema a wurin ƙarfe.

Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake bin mahaifinsa fatauci. Sun kai gero da wake kasuwar Shinkafi ta Alhamis, sun dawo da kanwa da gishiri, sun ratsa Zurmi har ba ya iya tuna sau nawa. Da motoci suka ƙwace dogon zango, sai ya koma kai taki gonaki da rani, da kaka ya kwaso wa mutane damman hatsi, da damina kuma ya duƙa a tasa gonar. Abin da aka san shi da shi a ƙasar nan shi ne akumari, wato shimfiɗar da ake ɗaura wa jaki a baya kafin a aza kaya. Da hannunsa yake ɗinka nasa, ya cusa kaba da tsumma, ya gwada, ya kwance, ya sake. Shekara arba'in da wani abu, jakinsa bai taɓa yin miki a gadon baya ba. Na mutane ake kawo masa idan sun ɓaci, ya yi wa mai jakin faɗa tukuna kamar zai doke shi, sannan ya zauna ya gyara akumarin. Mutum ne mai taurin kai, irin wanda gaskiya ta cika faɗawa a gefensa har ya saba, ya daina sauraron kowa.

Bayan girbin shekarar da ta gabaci wannan daminar ne mutanen daji, wato 'yan bindiga, suka shigo tungar da rana tsaka. Ba sai an tsawaita ba, kowa a ƙasar nan ya san yadda abin yake. Sun kora shanu, sun haɗa da jakan Tambari guda uku, sun cinna wa rumbuna wuta. Waɗanda ke da sauran kwana suka yo Kaura da ƙafa. Matarsa Lubabatu ba ta ɗauko tukunya ba, ba ta ɗauko zani na biyu ba. Abin da hannunta ya kai gare shi shi ne ƙunshin irin gero da ke rataye a saman ɗakin girki, zangarniya ashirin da 'yan kai, duk sun yi baƙi da hayaƙi. A bayanta ta goya shi har Kaura.

Wannan gero ba a samunsa a kasuwa. Mai gashi ne, mai dogon kai, tsuntsu ba ya iya sauka a kansa, furarsa kuma tana da wani zaƙi nata. Kakan Tambari ne ya zo da shi, ba a san daga ina ba. Mutanen tunga sun daɗe da komawa gajeren iri mai saurin nuna, shi kaɗai ya riƙe na gidansu, mutum biyun da yakan ɗibar wa kuma rumbunansu sun ƙone tare da nasa. Saboda haka duk abin da ya rage na wannan gero yana cikin ƙunshin nan. Tambari ya rasa jakai, ya rasa gida, yana zaune a ɗakin aro a gidan wata 'yar uwar matarsa. Idan irin nan ya kai wata kakar, yana da abin da zai nuna ya ce nasa ne. Idan bai kai ba, shi ke nan.

Da ruwan shuka ya sauka, ya bi sauran manoman tunga suka taka da ƙafa. Ya shuka kashi biyu cikin uku, ya bar saura saboda halin damina. Halin nata kuwa ta yi, aka yi fari na kwana goma sha ɗaya, rabin shukar ta ƙone, dole ya koma ya cike guraben da abin da ya rage. Ranar da ya dawo ya miƙa wa Lubabatu tsumman da aka ƙunshe irin, babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Ta ninke shi ta ajiye.

Shuka aikin kwana biyu ne, noma shi ne magana. Hanyar tana da dokarta wadda ba wanda ya rubuta: ba a fita Kaura sai gari ya waye tangaran, kuma kafin a kira azahar mai hankali ya bar gona, domin daga nan dajin ba na manoma ba ne. A ƙasa tafiyar awa uku ce da ɗoriya. Mutum ya isa rana ta take, ya yi noman awa biyu, ya juyo. 'Yan kabu-kabu kuwa ko sunan hanyar ba sa son ji, don babur ne abu na farko da mutanen daji ke nema. Keke ne kawai ba ya tsone musu ido. Ɗanbaba, maƙwabcinsa na gona, da keke yake zuwa, a awa ɗaya ya isa.

Keken da Tambari ya samu, mijin 'yarsa Karima ne ya aiko da shi daga Zurmi a saman mota. Ɗan gwanjo ne na ƙasar waje, da manyan tayoyi masu ƙuraje, da wani murɗaɗɗen ƙarfe a ƙarƙashin mazauni, da ɗan siririn sirdi wanda bai fi tafin hannu ba. Tambari ya zagaya shi sau biyu yadda yake zagaya jaki a kasuwa, bai ga abin yabo ba. Amma kyautar suruki ce, ba a kushe ta, ba a mayar da ita. Kwana tara ya yi yana faɗuwa a bayan tasha kafin ƙarfen ya yarda ya tafi da shi a miƙe. Ya ƙuje gwiwar hannu, ya yaga ɗaya daga cikin wanduna biyun da ya mallaka, ya kuma zagi keken nan irin zagin da bai taɓa yi wa dabba ba.

Sannan ya tura shi wurin Saminu, mai gyaran keke a gindin dalbejiya kusa da tasha, don ya ɗaura masa kariyar da zai riƙa aza hauya da gorar ruwa. Saminu ya kai shekara arba'in, mutum mai sanyin magana, wanda kasuwarsa ta farfaɗo tun da hanyoyi suka ɓaci, abin kuma ba ya yi masa daɗi. Yana duƙawa ya ga an kwance noti an danna sirdin har ƙarshensa.

"Baba, wanga sirdi ya yi ƙasa da yawa," in ji Saminu. "Gwiwa za ka kashewa. Bari in ɗaga ma shi."

"Ka ɗaga shi ina? In hau bisa awa mai baibayar ɗaki? Ni dut abin da nika hawa, ƙahwata na taɓa ƙasa."

"Keke ba jaki ba na, Baba."

"Ba a haihe ka ba na san zama, Saminu. Ɗaura min kariya kawai." Ya danna mazaunin da hannu, murɗaɗɗen ƙarfen ya lotsa ya dawo. "Kuma mi na na wanga abu da ka lotsawa in na zauna?"

"Shokozoba ta. Ita ka shanye rami da dutsi, don kada bayanka shi sha."

"Dabbar da bayanta ka lotsawa ba ta da lahiya," in ji Tambari.

Saminu ya dubi furfurar gemunsa, ya haɗiye sauran maganar. Ya ɗaura kariya ya ƙara wa taya iska.

A gida Tambari ya yi nasa gyaran. Ya sassaƙe guntun icen ƙirya ya buga shi da dutse a tsakanin murɗin ƙarfen, har keken ya sandare, ko ya zauna ba ya motsi. Ya nemo tsohon buhu, da yagaggen wandon nan, da wani guntun bargo da matar gidan ta yar, ya nannaɗe ɗan sirdin, ya ɗaure da igiyar rama, ya yi masa akumari sosai mai faɗi da tudu. Ya ɗaga hancin sirdin sama don kada ya zame gaba, saboda shi a can kuturin jaki ya saba zama. Da ya gama ya ja da baya ya duba, ransa ya yi fari a karon farko tun zuwan keken. Yanzu ne, a ganinsa, ya yi kama da abin hawa.

Ranar farko shi da Ɗanbaba suka fita tare. Tun kafin su bar kwalta ya gane akwai magana. Sirdin ya yi ƙasa, kowane taki gwiwarsa sai ta taso kusa da ƙirjinsa, ƙafar ba ta samun miƙewa balle ta ba da ƙarfi. Da suka shiga burji, inda ruwa ya zaizaye hanya ya bar duwatsu a fili, kowane rami kai tsaye yake zuwa ya same shi a ƙashin baya. Gumi ya jiƙa tsummokaran, suka cukurkuɗe suka yi gefe guda, igiyar ramar ta fito tana gurzarsa a wurin da ba a faɗa. Awa biyu da kwata suka yi. Da ya sauka sai da ya dafa kan keken ya daɗe kafin bayansa ya yarda ya miƙe, ya sake daɗewa kafin ya yarda ya duƙa.

Geron ya fito, ya yi kyau abinsa, ya kai tsawon taƙi, ciyawa tana bin sa kafaɗa da kafaɗa. Tambari ya duba gonar daga wannan kai zuwa wancan ya lissafa: kwana goma sha biyu ya gama noman fari, in jiki ya ba da haɗin kai.

Kwana biyu Ɗanbaba ya jira shi a hanya, a na uku ya ba shi haƙuri ya wuce, shi ma ciyawa ba jiransa take ba. Tambari bai ga laifinsa ba. Ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, yana isa a makare, yana barin gona da wuri don ya san komawar ma sai a hankali. Kullum ya dawo sai ya kwance akumarin ya ƙara tsumma. Zafi ya ƙaru, ya ƙara tsumma. Abin takaici ne ƙwarai. Wannan mutumin da ya fi kowa sanin cewa jiƙaƙƙen tsumma mai tattara shi ke cin fatar jaki, wanda ya sha kunyata magidanta a gaban jama'a saboda haka, shi ne yau yake yi wa kansa. Ya san bayan dabba ciki da waje, nasa jikin ne bai taɓa tsayawa ya duba ba.

Kuma ciwon a wurin da dattijo ba ya buɗe baki ya faɗa yake. Ya fara zaman tahiya a karkace. Ya daina zama a tabarma, yana cin tuwo a kishingiɗe yana cewa baya ne. A rana ta bakwai Lubabatu ta ɗauki wandonsa za ta wanke, ta tsaya, ta shigo ɗaki da shi a hannu.

"Malam, mi na na wanga?"

"Ƙaya ta."

"Ƙaya ba ta yin ruwa hakanga. Kwana nawa?"

Ya kau da kai.

"Ka huta ko kwana biyu, don Allah. Ka kai ma yaron nan na tasha shi diba."

"In huta, ke za ki hwaɗa ma ciyawa ta huta?"

Washegari ya fita, ya sake fita jibi. A rana ta tara ya dawo bayan la'asar yana tura keken, jikinsa na rawa, idonsa ja wur, bai ma san a ƙofar wane gida ya tsaya ba. Maƙwabta suka ɗauke shi zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Gurzar ta zama maruru, marurun ya yi ruwa ya shiga ciki. Ma'aikacin da ya tsaga wurin ya yi ta girgiza kai, ya ce ya kwanta rub da ciki, kada ya sake ya zauna a kan komai sai ya bushe. Kashi ɗaya cikin huɗu na gonar kawai ya nome.

Kwana goma sha tara ya yi a kwance, kuma a cikinsu ne damina ta zauna sosai. Ruwa yau, ruwa jibi, wani lokaci safe da yamma. Yana kwance fuskarsa a matashi yana jin saukarsa a kan kwano, ya san kowane ɗigo ciyawa yake yi wa aiki. Tun da aka haife shi bai taɓa jin haushin ruwan sama ba sai a wannan ɗakin, ya ji, ya yi istigfari, ya sake ji. Da can da an yi masa gayya, magidanta ashirin su share gonar a wuni guda. Yanzu taron mutum ashirin a gona neman magana ne, kowa shi kaɗai yake duƙawa yana ɗaga kai. Lubabatu ta ce za ta je da ƙafa, ai ita ma ɗiyar manoma ce. Ya ce in ta taka hanyar nan bai yafe ba. Ta san dalili, mata nawa aka ɗauke a gonakin nan. Ta fita tsakar gida ta yi kukanta, ta wanke fuska ta kawo masa kunu.

A rana ta goma sha biyar Saminu ya zo gaisuwa, da wani tsohon sirdi mai ɗan faɗi a hammatarsa. Ya ga keken a jingine a bango, ya kwance igiyar, tsummokaran suka zube suna wari. Ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa, suka gaisa, ya yi masa ya jiki.

"Baba, in tambaye ka wani abu na sana'arka," ya ce. "In anka kawo ma jaki da miki, tsumma kaka ƙara mai bisa ciwon?"

Tambari ya juyo da fuskarsa daga matashi.

"A'a," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Rarake wurin nika yi. In bar ma ciwon rami, nauyi shi sauka gehe da gehe, bisa ƙashi."

"To," in ji Saminu, ya ajiye sirdin a gabansa.

Tambari ya ji nauyin abin har cikin ransa, amma shi mutum ne da in an kama shi a kan sana'arsa ba ya gardama. Ya ce a miƙo masa wuƙa da basilla. A kwance a gefe guda ya yi aikin, kwana biyu. Ya rarake tsakiyar sirdin ya yi masa kwari, ya bar tudu biyu daidai inda ƙasusuwan zama ke sauka, ya sa ɗan soso siriri, ya ja fatar akuya mai laushi a kai ya ɗinke ta tam, babu tattara ko ɗaya. Hannunsa bai manta komai ba.

Ranar da ya fara tsayuwa sosai, Saminu ya dawo da sifana. Ya fitar da guntun ƙiryar da ƙyar. Ya sa Tambari ya zauna a hankali, yana murɗa wani zobe a jikin shokozobar, har ta zama tana lotsawa yatsa biyu kacal a ƙarƙashin nauyinsa. Ya tsayar da shi a gefen keken ya ɗaga sirdin daidai ƙashin ƙugunsa. Ya aza ɗan kofin ruwa a kai yana gyara hancin, sai da ruwan ya kwanta daidai ya ɗaure noti.

"Ƙahwata ba ta kai ƙasa," in ji Tambari.

"Ba ta kaiwa, Baba. In za ka tsayawa, ka kama birki, ka zamo gaba, sannan ka sa ƙahwa. Gwada ka gani."

Ya gwada sau uku a ƙofar gida. A na ukun bai ko tangaɗi ba.

Washegari suka fita da Ɗanbaba. Abin da Tambari ya ji a wannan safiyar bai yi tsammaninsa ba. Ƙafarsa na miƙewa har ƙarshe, kowane taki keken ya yi gaba da nisa. Ramin da ke dukansa a ƙashin baya yanzu sai ya ji an ɗan jijjiga shi an wuce. Iskar safe na shiga rigarsa, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya. Daɗi ya ji, daɗi sosai, irin wanda rabonsa da shi tun kafin a ƙone tunga. A wani gangare har dariya ta kuɓuce masa. Ya wuce Ɗanbaba, ya jira shi, ya sake wuce shi.

Ba su cika awa ɗaya ba suka kai tsamiyar da ke iyakar gonakinsu. Nan Ɗanbaba ya sauka.

"Tambari, sai haƙuri," ya ce. "Ban iya hwaɗa ma ba kana kwance."

Kashi ukun da ba a nome ba sun zama saura. Harkiya da ƙomayya da yaɗiya sun kai ƙugu, sun haɗe kai, ba mai cewa an taɓa shuka a wurin. Ɓangaren da ya nome kuwa, wanda a kansa ya ɗora duk begensa yana kwance, an cinye shi har ƙasa. Sawun shanu ne ko'ina, da kashinsu, wani ya bushe wani ɗanye.

"Garken mutanen daji na," in ji Ɗanbaba. "Gonar da sunka ga ana zuwa kullum, su kan ratse mata. Taka sun ga ta yi ciyawa ba kowa, sunka ɗauka an bar ta. Kwana huɗu suna sakin shanu nan. Ina kallo daga tawa, mi zan ce?"

Tambari ya jingine keken a tsamiya ya kwance hauya, ya dube ta, ya ajiye. Ya shiga cikin ciyawar da rarrafe yana buɗa ta da hannu biyu. Geron yana nan a ƙasa, wanda bai ruɓe ba, siriri rawaya kamar zare, bai fi yadda ya bar shi tsawo ba. Ya yi ta bi yana zaɓen masu ɗan kore a tsakiya, yana tono su da saiwarsu da ƙasarsu. Har rana ta take yana yi. Sai da Ɗanbaba ya zo ya kama kafaɗarsa ya nuna masa inuwa, sannan ya miƙe. Ya sami talatin da huɗu. Ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu ya ɗaure a kariya, ya juyo. Komawar ma awa ɗaya ce, ba inda ya yi masa ciwo, kuma wannan ya fi komai ɓata masa rai.

A bayan ɗakin aron akwai ɗan fili tsakanin bango da katangar maƙwabta, bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Nan ya dasa su. Ya kewaye da ƙaya saboda awakin gidan, ya roƙi taki, ruwan alwalarsa da na wankin shinkafar matar gidan duk can suke zuwa. Goma sha ɗaya suka kama. Bai sake komawa gona ba a wannan daminar. Keken ya zama abin neman abinci, yana ɗauko wa mutane kaya daga kasuwa zuwa unguwanni, masu keke kuma suka fara kawo masa sirdinsu ya rarake musu, don labari ya bazu daga gindin dalbejiyar Saminu. Yana yi musu, amma ya daina yi wa kowa faɗa.

Gero abin fili ne, yana son rana da iska da 'yan uwansa kewaye da shi. A lungun nan rana ba ta shiga sai ta take, iska kuwa katanga ta tare. Cikin goma sha ɗayan, huɗu ne suka fitar da kai, su ma ba tare ba, wannan ya fito ya gama bununi kafin wancan ya leƙo. Amma kan ya fito da gashinsa, dogo, sak na gidansu. Kullum da safe Tambari yakan tsaya a gabansu hannu a baya, ba ya taɓawa. Lubabatu ta ce sun yi mata sakayau a ido. Ya ce ta bar su, ba su gama ba.

Da ruwa ya ɗauke, kara ya bushe, ya bar su har sati biyu bayan kowa ya yi girbi. Ranar wata Talata da hantsi ya ɗauko wuƙa ya yanke su huɗun. Lubabatu ta shimfiɗa faifai a ƙofar ɗaki ta zauna. Ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya ɗauki na farko ya murza shi a tsakanin tafukansa a hankali, gashin na sukarsa. Ya buɗe hannu ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, tafin ya rage wayam. Ya ɗauki na biyu, haka. Na uku ya murza shi har fatar hannunsa ta yi ja.

Na huɗun ya riƙe shi ya daɗe, shi ne mafi tsawo a cikinsu. Sannan ya miƙa wa matarsa.

"Ke diba wanga," ya ce. "Idona ba shi gani da kyau."

Ta karɓa. Ta murza a kan faifan, ta sheƙe a hankali yadda ko ƙwayar gero ɗaya ba za ta kuɓuce mata ba, ta bi da yatsa lungu lungu. Ta sake sheƙewa, ta sake bi. Shi kuwa fuskarta yake kallo, bai dubi faifan ba.

"Babu, Malam," ta ce.